GIZO-GIZO MAI ƘYAURE

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Ba kowane gizo-gizo ne ke saƙa a kusurwar ɗaki ba. A dazuzzukan ƙasashe masu zafi akwai masu haƙa rami, su shafe cikinsa da zarensu, su yi masa murfi da ƙasa da gansakuka. Gefe ɗaya suke ɗaurewa da zare, murfin yana buɗewa yana rufewa tamkar ƙyaure. Ka taka kusa da shi ba za ka gane ba.

Kuma ba dangi ɗaya ba ne. Liphistius na Maleshiya da Tailan yana shimfiɗa zaruruwa daga bakin ramin, ƙwaro na taɓa ɗaya sai ya faso. Wasu daga dangin Migidae a jikin bishiya suke gini. Cyclocosmia kuwa ƙarshen jikinsa faifai ne mai tauri, idan maƙiyi ya shigo sai ya juya ya toshe ramin da shi. Subhanallah! Wa ya koya musu?

Amma wadda ta tsaya min a rai wata ce a yammacin Ostireliya. Masaniya Barbara York Main ta fara bibiyarta a 1974, aka sa mata lamba 16. Rami ɗaya ta zauna, idan ta ji motsin haɗari sai ta riƙe ƙyaurenta gam daga ciki. A haka ta rayu har ta kai kimanin shekara 43 a duniya. A 2016 aka tarar da murfin a huje, alamar wani nau'in zanzaro ya ratsa, ita kuma babu ita.

Na karanta, sai na tuna faɗin Allah a Suratun Nisa'i, aya ta 78: duk inda kuke mutuwa za ta riske ku, ko da kuna cikin ganuwoyi masu tsawo.

Ɗan'uwa, ka ɗaga katanga, ka sa get na ƙarfe da maigadi, babu laifi, riƙo da sababi ne. Sai dai a bayan wannan ƙyauren me kake ajiyewa? Haƙƙin maraya da ka danne yana ciki. Bashin da kake ɓoye wa mai shi, har ka ce wa yara su ce ba ka nan, yana ciki. Asubar da ka bari ta wuce don bargo ya yi daɗi, ita ma tana ciki. Wanda zai zo ɗaukar rai ba ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Allah Ya sa mu cika da imani.