Ku Daina Loda Mana Babur Kamar Buhun Gawayi

Wallahi abin da wasu direbobin a-kori-kura da 'yan lodinsu ke yi wa baburan mutane ya isa haka. Za a caje ka kuɗin da ya fi na fasinja, a karɓa cif ba ragi, amma da an zo wajen ɗauri sai ka ga yaron mota ya jawo wata ruɓaɓɓiyar igiya da robar tiyub guda biyu, ya nannaɗe a inda hannunsa ya kai, ya bubbuga jikin mota ya ce "mu je." Ina za a je da wannan ɗaurin?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma darajar naira ta faɗi, sabon babur ƙirar Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. Mafi yawan masu saye ba 'yan gayu ba ne. Ɗan acaɓa ne da ya karɓa bashi yana biya kaɗan-kaɗan, ko malamin firamare, ko manomin da ya sayar da amfanin gonarsa. Kuma tun 2013 da aka hana acaɓa a cikin birnin Kano, masu sana'ar da yawa a nan suke saye su kai garuruwansu. Sabon inji ba a so a ba shi wuta a doguwar hanya, shi ya sa mutum ke neman mota. Wato don ya kare abinsa ya kawo muku, ku kuma ku lalata shi kafin ya taka ƙasa.

Ƙanena ne abin ya faɗa wa. Ya sayi nasa a Kano, ledar kujera ma ba a cire ba, za a kai masa gida ta hanyar Gumel. Ina tsaye aka ɗora shi. Na ce a tsayar da shi sosai a ɗaure gaba da baya, sai direban ya ce, "Haba Malam, mu da muke wannan aikin kullum? Ka kwantar da hankalinka." Ashe muna juya baya suka samu ƙarin kaya, suka kwantar da babur ɗin a gefensa, suka jibga buhunan taki a kai. Da aka sauke, tanki ya loɓa ta gefen dama, igiya ta ci fenti har ana ganin ƙarfe, hannun kuloci ya karye, madubi ɗaya yana reto. Fetur ya tsiyaye ta murfin tanki ya jiƙa buhunan, baƙin mai kuma ya gangara inda bai kamata ba, sai da bakanike ya kwance fulogi ya wanke kafin ya tashi. Ƙanen nawa ya tsuguna yana shafa wurin da ya loɓa, ya kasa cewa komai.

Amsar direba? "Ka yi haƙuri, tsautsayi ne." Wannan kalmar ce ta fi ƙona mini rai. Tsautsayi shi ne taya ta fashe ko saniya ta shigo titi. Amma ka kwantar da abin da ya haura kilo 100 a kan madubinsa, ka ɗora masa taki, ka bi ramuka da gudu, sannan ka jingina wa ƙaddara? Manzon Allah (SAW) cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ku kun bar ɗaurin, kun riƙe uzuri.

Kuma fa aikin ba wani mai wuya ba ne. A tsayar da babur a miƙe a tsakiyar mota, tayar gaba ta tokare da bangon da ke bayan direba. A sa shi a giya, a rufe makunnin mai. Ba a barinsa a kan jak, domin kowane rami aka faɗa jak ɗin ne ke shan dukan, ko ya lanƙwashe ko ya zame. A ɗaura igiya biyu a ƙarfen gaba, ƙasa da hannu, ba kan wayar birki ko sigina ba, a ja ɗaya hagu ɗaya dama zuwa kusurwoyin mota har shokozoba ta ɗan nutse. Nutsewar nan ce ke riƙe igiyar a ɗame, in babu ita, girgiza kaɗan ɗaurin ya saki. Sai wasu biyu a baya don kada ƙarshensa ya riƙa tsalle. Duk inda igiya za ta taɓa fenti a sa tsumma ko kwali. An ɗan yi tafiya, a tsaya a sake dubawa. Bel mai ƙugiya irin wanda manyan motoci ke ɗaure kaya da shi yana nan a kasuwa, kuma mai motar da ke cin kuɗin dakon babur kowane mako ba shi da hujjar rashinsa.

Ba asarar mai babur kaɗai ba ce. A rufe ƙofar baya da ƙyar ko a bar ta a buɗe, babur na lilo, mota na gudu a hanyar Zariya ko ta Wudil, in ya suɓuto wa zai faɗa wa? Wanda ke biye a baya, da iyalinsa. Fetur ɗin da ke zuba kuma a ƙarƙashin fasinjojin da aka ɗora a kan kaya yake, wani ma da sigari a hannu.

Shugabannin tasha, ku da kuke karɓar kamasho a kan kowane lodi, ku ne ya kamata ku tsaya a kan wannan. A duba babur a gaban mai shi da direba kafin a ɗora, a ɗauki hotonsa a waya, a rubuta a takarda. In ya isa da lahani, direba ya biya gyara. Mu dai mun kai ƙararmu ofishin tashar, kuma ba za mu janye ba sai an biya kuɗin tanki da hannun kuloci.