Wandon Sarkin Fawa

Sarkin Fawa ya iso shagon Tela da wandon Sallarsa a kafaɗa. Ɗan Boko na kan benci yana cajin waya.

Sarkin Fawa: Tela, wannan wando ne ko hanjin tunkiya? Dubi ƙafar dama, duk ta tattare!

Tela: Ranka ya daɗe, yayi ne.

Ɗan Boko: Baba, ka faɗi kimiyya ba ka sani ba. Ai hanji ma haka yake samun lanƙwasarsa.

Sarkin Fawa: Yaro, shekara talatin ina fawa, kai za ka koya mini hanji?

Ɗan Boko: To in ka yanke tantanin nan da ke riƙe da shi, me yake yi?

Sarkin Fawa: Miƙewa yake sambal.

Ɗan Boko: Yawwa. Tun ɗan tsako na cikin ƙwai, hanjinsa miƙaƙƙe ne. Sai ƙwayoyin halittarsa su yi ta ƙaruwa, ya fi tantanin saurin tsawo. Shi yana son gaba, tantani na janyo shi baya, ga su a manne. Dole ya nannaɗe.

Tela: Kamar in ja roba in ɗinka wa yadi, in sake ta!

Ɗan Boko: Abin da masana suka yi ke nan a Jami'ar Harvard ta Amurka a 2011. Suka ja shimfiɗar roba, suka ɗinke ta da tiyo, suka saki. Sai ga lanƙwasa irin ta hanjin kaza sak.

Sarkin Fawa: Duk karatun nasu a ɗinki ya ƙare? Da sun zo mahauta na nuna musu kyauta.

Ɗan Boko: Ƙwaƙwalwa ma haka. Ɓawonta na sama ya fi na ciki saurin girma, shi ya sa ta mutum take a tattare. Ta ɓera kuwa sumul take.

Tela: Ka ji ko, ranka ya daɗe? Tattara alamar hankali ce. Wandon ɓera kake so in yi maka?

Sarkin Fawa: To ƙafar hagun fa, me ya sa ta fi guntu?

Tela: Ita ce tantanin. Ba ta gama girma ba.

Sarkin Fawa ya naɗe wandonsa ya nufi ƙofa.

Tela: Cikon kuɗina fa?

Sarkin Fawa: Yana cikin ƙwai. Ka jira kwana 21.