Fawa fak biyu a kwamfuta ɗaya: ni dai ban goyi baya ba

Jama'a wannan abin na saka fawa fak na biyu, wato akwatin da ke ba wa kayan cikin kwamfuta wuta, a destop yana neman zama yayi, musamman wajen samarin da ke sayen tsofaffin kwamfutocin ofis na Beljiyam irin su Dell OptiPlex da HP suna so su mayar da su na gem ko na editin bidiyo. Ni dai ra'ayina a fili yake, yawancin masu yi ba sa buƙatarsa, kuma yadda ake haɗa shi a wasu shagunan gyara wallahi abin tsoro ne.

Na san daga inda matsalar take tasowa. Ƙananan kwamfutocin ofis ɗin nan fawa fak ɗinsu bai wuce wat 240 ko ƙasa da haka ba, kuma babu wayar fin 6 ko fin 8 da katin girafik ke nema. Ramin da ake soka katin a madabod wat 75 kawai yake bayarwa, alhali RTX 3060 ma yana jan wat 170. Toh sai mai gyara ya ɗauko wani fawa fak ɗin ya ajiye a gefen kes, ya lanƙwasa ƴar waya ya haɗa koriyar waya da baƙa a soket mai fin 24 na wannan fawa fak na biyun, fanka ta juya, kowa ya ce an gama. Eh zai tashi, domin koriyar nan ita ce PS_ON, fin na 16, da zarar ta taɓa baƙa fawa fak ya ɗauka an ce masa tashi. Amma fa daga nan ba ya jin maganar madabod, ka kashe kwamfuta shi yana nan yana tura wa kati bolt 12, ka kunna kwamfuta ka manta da shi kati ya tashi da rabin wuta, ga kuma ƴar wayar nan a buɗe tana jiran yaro ya zo ya zare ta ana tsakiyar aiki.

Akwai ɗan allo da ake kira Add2PSU, aikinsa kenan, yana karɓar wuta daga wayar Molex ko SATA, irin wayoyin da ke kai wa had dis wuta, na fawa fak na farko sai ya tayar da na biyu lokaci guda, su kuma mutu tare. Wanda ya ce lallai sai ya yi, aƙalla ya nemi wannan. Amma ko da shi ɗin akwai abin da ba a wasa da shi. Ba a haɗa wayoyin bolt 12 na fawa fak biyu wuri ɗaya, saboda ba za su taɓa bada wuta daidai da daidai ba, ɗaya zai riƙa tura wa ɗan uwansa har ɗaya ya ƙone. Kati mai soket biyu na fin 8 kuma duka biyun daga fawa fak ɗaya za su fito. Sannan wayoyin da ake cirewa a mayar, na kamfanin Corsair daban na kamfanin EVGA daban, bakin zai shiga lafiya lau amma jerin finan ba ɗaya ba ne, kuskure ɗaya ya tafi da had dis ɗinka da duk aikin mutane da ke ciki.

Abin da ya fi ci min rai shi ne lissafin da ake wa mutane, wai fawa fak mai wat 300 da mai 450 ai 750 kenan. Ba haka ba ne Malam. Fawa fak mara suna da za ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara, an manna masa takardar wat 650, ka duba layin bolt 12 a jikin takardar ka ga abin da yake bayarwa na gaskiya, can ne kati da furosesa suke shan wuta. Ka haɗa marasa kyau biyu, abin da ka samu shi ne wurare biyu da za su iya kama da wuta. Ga kuma yanayin wutarmu, NEPA ta kawo ta ɗauke, a canza zuwa janareta, wuta ta yi ƙasa ta yi sama, kowane fawa fak da lokacin da yake sakin wuta idan an ɗauke, shi ya sa dole su biyun su kasance a kan ekstenshan ɗaya da UPS ɗaya, ba ɗaya a inbata ɗaya a bango ba.

Ba na cewa babu masu buƙata. Masu haƙar kirifto a 2017 da 2021 sun yi ta yi, don kati shida ko takwas sau da yawa sun fi ƙarfin fawa fak ɗaya, har zuwa Satumbar 2022 da kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da katunan girafik. Yanzu kuma masu gudanar da AI a gida ne, katin RTX 3090 guda huɗu kowane wat 350, 1400 kenan kafin a zo kan furosesa. A Amurka soket ɗin gida bolt 120 ne amfiya 15, wat 1800 kenan gaba ɗaya, dole su raba nauyin tsakanin layukan wutar gida daban-daban. Mu namu bolt 230 ne da fulogi mai amfiya 13, kusan wat 3000, sai dai ekstenshan ɗin kasuwa mai siririyar waya ba zai ɗauki haka ba. Su kuma sabobin kamfanoni da ake gani da fawa fak biyu, an ƙera su ne da allon da ke raba wutar don in ɗaya ya mutu ɗaya ya ci gaba, ba abin da muke haɗawa da hannu ba ne.

Kai mai kati ɗaya, dan Allah ka tara kuɗin ka sayi fawa fak ɗaya mai kyau, wat 550 ko 650 mai tambarin 80 Plus Bronze, shaidar ba ya ɓarnar wuta da yawa, ya ishi 3060 har da saura. In kes ɗin ofis ne da ba ya karɓar fawa fak na ATX, wato irin na destop da aka saba, ka nemi katin da ramin madabod kaɗai ke ciyarwa, GTX 1650 siriri ko RX 6400, ko ka haƙura ka canza kes da madabod gaba ɗaya. Kuma kar wanda ya ce maka ka buɗe cikin fawa fak ɗin ka jona waya, manyan kafasitocin ciki suna riƙe da kusan bolt 400 ko bayan an zare fulogi.