Ranar da na gano Maradiyon

Duk abin ya faro ne daga fadarmu ta unguwar Zariya a Maradi, inda na cika baki cewa zan rubuta manhajar tace bayanan CERN da kaina. CERN ɗin nan, wata cibiyar binciken kimiyya, tana kusa da Janeba, suna da rami mai zagaye na kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, inda gungun furoton, wasu ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, ke gwabza karo sau miliyan 40 a daƙiƙa ɗaya. Wani ɓangare na bayanan sun sake shi kyauta a intanet. Kyauta fa, ban da kuɗin data, wanda ya cinye mini jika biyar.

Na tsara manhajar kashi uku: mai karanto kowane karo daga fayil, mai tacewa, da mai zana sakamako. Da na yi wa Inna bayani, ko ɗaga kai ba ta yi daga gyaɗar da take ɓara ba, ta ce, "Wato shiƙa kake, ka zubar da ƙaiƙayi. Shi ne har da kwana uku ba barci?"

Dare na uku zane ya fito. Ga tudun ƙwayar Z, wadda masana suka daɗe da sani, daidai wajen 91 a ma'aunin nauyi, inda littafi ya ce za a same shi. Na yi hamdala. Sai can gefe na hango wani tsini, siriri, dogo kamar hasumiyar masallacin Juma'a, a wurin da babu wanda ya taɓa ganin komai. Gabana ya faɗi. Ƙwayar Higgs ma da aka gano a 2012, dubban masana ne suka taru a kanta, ni kuwa ga ni daga ni sai fanka da sauro.

Kafin asuba na raɗa wa sabuwar ƙwayar da na ɗauka na gano suna Maradiyon. Da yamma na sayi tsire da shayi na fada gaba ɗaya. Har na fara tunanin rigar da zan sa in je karɓar Nobel.

Ƙanwata ce ta tona asiri, ita da ke shekarar farko a jami'a. Ta leƙa ta ce, "Yaya, me ya sa lambar karon nan iri ɗaya ce tun daga sama har ƙasa?"

Ashe ranar da nake sauke fayil ɗin aka ɗauke wuta, ya yanke a tsakiya. Mai karantowa kuwa ban koya masa abin da zai yi in ya iske fayil guntu ba. Bawan Allah, da ya rasa na gaba sai ya dinga miƙo karo na ƙarshe, yana maimaitawa sau dubu huɗu, mai zane yana ta jibgawa wuri guda.

Layi biyu na ƙara, hasumiyar ta rushe. Tsiren dai an riga an cinye. Jiya ma wani ɗan kabu-kabu da ban taɓa gani ba ya tsaya gabana ya ce, "Furofesa Maradiyon, ina zuwa?"