Birus ɗin sida ɓoyewa yake, ba hita ya yi ba

Jama'a salamu alaikum. Yau kam sai na yi magana kan masu lasifika da ke yawo babbar kasuwa da tasha, da waɗanga odiyo da ake turowa a WhatsApp wai an samu maganin da ke wanke sida kwata-kwata cikin wata ukku, ka kawo jikka kaza a ba ka galan. Hujjarsu kullum guda ce, wai wane ya sha, ya koma asibiti an auna ba a ga komi ba. To ai mutumen shina shan maganin asibiti tun da hwarko, shi ne ya danne birus ɗin har na'ura ta kasa ƙirga shi cikin jini, ba galan ɗinku ba. Abin da ke ƙona min rai, da ya yarda ya warke sai ya aje maganin asibiti, cikin ƴan makwanni birus ya dawo.

In ka gane yadda abin nan ke shiga jiki ba mai sake ruɗinka. Birus ɗin bai iya hayayyahwa shi kaɗai, sai ya shiga cikin ƙwayar halittarka. A bayanshi akwai wani abu da ake ce ma gp120, shi ke maƙalewa ga CD4, wata alama da ke jikin wasu sojojin garkuwar jiki. Amma kama CD4 kaɗai bai isa ba, sai ya ƙara kama wani abu na biyu, ko CCR5 ko CXCR4, sannan gp41 ya soki hwatar ƙwayar ya haɗe da ita ya zuba kayanshi ciki. Daga nan ya juya bayanin halittarshi ya maida shi irin namu, ya kai shi can tsakiyar ƙwayar ya liƙa cikin DNA ɗinka, wato kundin bayanin halittarka. Ka ji fa, cikin DNA ɗinka kai kanka. Ƙwayar da Allah ya yi don ta kare ka ita za ta koma tana ƙera mishi ɗiya. Mai lahiya shina da sojojin nan masu CD4 wajen 500 zuwa 1500 a ɗigon jinin da ake aunawa, in sunka sauka ƙasa da 200 nan ne ake cewa sida ta kama, tarin huka da gudawa su samu hanya.

Kuma ba waɗanga sojoji kaɗai yake shiga ba, shina shiga makurofaj masu haɗiye ƙwayoyin cuta, su kuwa suna daɗewa ba su mutu ba, har cikin ƙwaƙwalwa akwai irinsu da yake zama ciki, ga kaluluwa, ga hanji inda yake ɓarna mai yawa tun makwannin hwarko. Mahi muni, wasu ƙwayoyin da ya shiga sai su yi barci da shi shekara da shekaru, ba su ƙera komi, garkuwar jiki ba ta ganinsu, magani bai taɓa su. Duk wanda ya taɓa aje wake ya san wanga, ka sheƙe ka tsince ba ka ga ƙwaro ko guda, alhali tsutsar na cikin ƙwayar waken, bayan wata biyu ka buɗe buhu ka iske gari. To wane jiƙo ne za ya bi jikin mutum ƙwaya-ƙwaya ya kankare abin da ke rubuce cikin DNA?

Tun 1983 da Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier sunka gano birus ɗin a cibiyar Pasteur ta Faransa ake bincike, kuma waɗanda sunka warke da gaske ƴan ƙalilan ne. Na hwarkonsu Timothy Ray Brown, a Balin ta Jamus, shina da kansar jini, a 2007 anka dasa mishi ƙwayoyin ɓargo na wani mutum da anka haihwa ba shi da CCR5 mai aiki, birus ya rasa wurin kamawa. Aiki ne mai hatsarin gaske, ana mutuwa cikinshi, ba a yin shi sai ga wanda kansar jini ke shirin kashewa. In da akwai galan mai wanke sida, wa za ya kai kanshi ga wanga?

Amma walle binciken bai tahi banza ba, don kowane mataki da na lissafa an samu maganin da ke tare shi. Maraviroc na toshe CCR5, enfuvirtide na hana gp41 haɗewa, dolutegravir da ke cikin maganin nan na sau guda a rana shi ke hana birus liƙa kanshi cikin DNA. Ga lenacapavir, allura sau biyu a shekara, da anka gwada ta ga ƴan mata a Afirka ta Kudu da Yuganda, a sakamakon 2024 ko guda cikin waɗanda anka yi ma allurar ba ta kamu ba. Ita rigakahi ce ga wanda bai kamu ba, ina roƙon Allah ta iso mana nan da kuɗin da talaka ke iyawa.

Ƴan uwa masu ɗauke da ita, in lokotoro ya ce ba a ganin birus cikin jininki albishir ne babba, in kin ɗore hakanan ba ki sa ma maigida ta hanyar kwanciya, kuma da kulawar asibiti sai ki haihi ɗanki lahiya lau. Amma sharaɗin kenan, ki ɗore. Ku yi addu'a, ku sha rubutu in kuna so, ba wanda ya hana, maganin dai kar a aje shi ko kwana guda, kyauta ake ba da shi. Ku kuma ƴan kasuwarmu masu tahiya Katsina da Kano da Kwatano ku yi makwanni, ku amshi wanda za ya ishe ku kahin ku ɗau hanya, kar ya ƙare muku can ku ce sai kun dawo.