Kafin a ce mu ɗaure ciki, a buɗe mana littafin majalisa

'Yan uwana na Jos, kullum in muna waya sai ku ce ai ku a Ingila kun huta. Wallahi nan ma gwamnati na rage kashe kuɗi, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne ke ji a jikinsa. A 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta janye wa miliyoyin tsofaffi tallafin ɗumama ɗaki na hunturu, wanda ya san sanyin Jos na Disamba to ya ninka shi sau da yawa sannan ya gane abin da ake magana. Amma da maganar ta je majalisa aka kaɗa ƙuri'a, sunan kowa ya fito a intanet, wanda ya goyi baya da wanda ya ƙi da wanda ya laɓe bai jefa ba. Mutane suka bi wakilansu da wasiƙu da ƙorafi, a 2025 gwamnati ta ja da baya ta mayar wa yawancinsu.

Mu fa? Masu eh su ce eh, masu a'a su ce a'a, a buga guduma shikenan. Ko dokar ta-ɓaci ta jihar Ribas a 2025 da tsarin mulki ya ce sai da kashi biyu cikin uku, da murya aka wuce da ita, fisabilillahi wane kunne ne ke ƙirga kashi biyu cikin uku? Yau in ka tambayi mai keke a Terminus ko mai kayan miya a Farin Gada me wakilinsa ya zaɓa kan kasafin kuɗi, ba shi da inda zai duba, kuma shi aka cire wa tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce ya ƙara haƙuri.

Kuɗin da 'yan majalisarmu suke karɓa ma sai in wani a cikinsu ya yi ta maza muke ji. Shehu Sani ne ya faɗa a 2018 cewa sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata na hidimar ofis, Kawu Sumaila ya ce miliyan 21 a 2024, Abdul Ningi kuma da ya yi maganar cushe a kasafin 2024 a hirarsa da BBC Hausa dakatar da shi aka yi.

Ba wai Turawa waliyyai ba ne. A 2009 asirin 'yan majalisarsu ya tonu kan kuɗin hidima da suke karɓa, har da wanda ya nemi a biya masa kuɗin ɗakin agwagi, wasu suka sha ɗauri, daga nan aka kafa hukuma ta daban da ke wallafa abin da kowannensu ya kashe. Mu ma muna da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011, sanatoci 109 da wakilai 360 ai ba su fi ƙarfin a jera sunayensu ba. Duk wanda ya zo unguwarku neman ƙuri'a, don Allah kar ku tsaya a buhun shinkafa, ku ce ya faɗa muku nawa yake karɓa a wata kuma me ya zaɓa.