Alhaji da Gafiyar Ostareliya

"Wannan cakulan ce," in ji Alhaji, yana jujjuya wata ƙaramar kwalba mai rawayan murfi a tsakiyar wani babban kanti a birnin Perth.

"Baba, Vegemite ne, kuma ba shi da zaƙi ko kaɗan," in ji Ɗan Boko. "Tun 1923 mutanen ƙasar nan suke shafa shi a burodi, ɗan ƙanƙani a kan man shanu."

"Shekara arba'in ina sayar da kayan masarufi a Kasuwar Singa, sannan kai da na biya wa kuɗin makaranta za ka koya mini cakulan? Jefa a kwando."

A ɓangaren nama ma sai da ya rantse cewa tsokar kangarun da aka nuna masa ta tsohon bunsuru ce. Da suka isa gida ya cika babban cokali da abin cikin kwalbar, ya yi bismilla ya kai baki. Idanunsa suka kawo ruwa, amma tun da ba a taɓa jin Alhaji ya tofar da abin da aka biya kuɗinsa ba, sai ya haɗiye.

"Dama na faɗa maka daddawa ce."

"Baba, cakulan ka ce."

"Kunnenka ne ya lalace da Turanci. Yanzu na gane dalilin da ya sa suka ƙwace daddawata da kilishina a filin jirgi: suna da tasu da ba ta nuna ba, suna tsoron tawa ta kashe musu kasuwa."

"Doka ce ta hana shigo da nama da iri, saboda cututtukan dabbobi da na amfanin gona. Shi kuma wannan da ragowar yis na masana'antar giya ake yin sa, sai dai babu maye a ciki, har takardar shaidar halal gare shi."

Alhaji ya yi salati, ya kurkure baki sau bakwai, sannan ya sanar da cewa tun a kanti ya ji warin, ya dai yi shiru ne don ya gwada imanin yaron.

Ranar Asabar suka shiga jirgin ruwa daga Fremantle zuwa tsibirin Rottnest, tafiyar kamar rabin awa. A can baƙi ba sa shiga da mota, sai keke ko bas ko sayyada. Alhaji ya dubi keken, ya dubi babbar rigarsa da ta sha sitaci, ya ce ƙafa ta fi lafiya, kuma likita ne ya umarce shi, likitan da har yau ba wanda ya san sunansa. Ba su yi nisa ba suka tarar da Turawa kwance rub-da-ciki a ƙasa, suna ɗaukar hoto da wata dabba mai girman kyanwa.

"Gafiya!" Alhaji ya ɗaga murya. "Ka tsallako da ni teku don in ga gafiya, wadda yaran ƙauyenmu suke fitarwa daga rami da hayaƙi ba tare da tikiti ba?"

"Kwoka ce, Baba, dangin kangaru. Ganye take ci, kuma a jakar cikinta take renon ɗanta."

"Gafiya ce mai aljihu."

Wata ma'aikaciyar gandun ta matso, ta yi bayani, Ɗan Boko yana fassarawa ba da son ransa ba: wani matuƙin jirgin ruwa ɗan ƙasar Holan, Willem de Vlamingh, da ya zo a 1696, shi ma manyan ɓeraye ya ɗauke su.

"Ka ji dattijo mai ido! Shekara ɗari uku da ɗoriya ke nan da aka yanke hukunci, kai kana jayayya. Maimaita mini sunansa, in riƙe."

Daga nan ya zaro burodi daga aljihu, wanda aka lafta wa daddawar nan da ya rasa yadda zai yi da ita, ya miƙa wa dabbar. Ma'aikaciyar ta tare shi da sauri.

"Baba, ta ce ba a ciyar da su, ba a taɓa su, domin abincin mutane yana sa su ciwo. Wanda ya saɓa, tara ce."

"Wato gafiya tana da mai gadi da doka da likita? Ka tambaye ta ko suna karɓar 'yan fansho, domin ina da abokai da suka yi wa gwamnati aiki shekara talatin da biyar, ba su samu rabin wannan gata ba."

Ya rantse ba zai durƙusa wa ɓera ba. Da ya ga wani tsoho Bature ya tashi da hoto mai kyau, sai ya tattare babbar riga, ya kwanta, ya gyara zaman hula, ya sa aka sake ɗauka har sai da ya gamsu cewa agogonsa ya fito.

"Tura wa 'yan kasuwarmu ta WhatsApp. Ka rubuta: Alhaji tare da ƙaramin kangaru."

"Baba, ai gafiya ka ce."

"Kana so a ji a Singa cewa na hau jirgin sama da na ruwa don in yi hoto da gafiya? Rubuta kangaru, kuma ka cire kalmar ƙarami."